Neman Shawara Kan Ma'aikaciya Mai Kawaici da Tsayuwa Kan Aƙida

Assalamu alaikum. Ina shugabantar wani sashe a wata ƙungiyar agaji da ke Kano, kuma akwai ma'aikaciyar da lamarinta ya ɗaure mini kai, duk da cewa babu wanda ya kai ta iya rubuta rahoto ko sauraron matan karkara har su saki jiki su faɗi damuwarsu.

Gwajin gano halin mutum na Myers-Briggs, wanda ya samo tushe daga nazarin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya wallafa a 1921 kuma ya kasa mutane gida 16, ya sanya ta a rukunin INFP, wato masu son kaɗaici da aikin da ya dace da aƙidarsu. Ban ɗauki gwajin a matsayin hukunci ba, amma siffar ta yi daidai da ita.

A wajen taro ba ta cewa uffan, sai an watse ta aiko da saƙo mai cike da basira, alhali an riga an yanke shawara. Aikin da ba ta ga amfaninsa ga jama'a ba, kamar cike takardun kashe kuɗi, kullum a makare yake zuwa, kuma gyara kaɗan a gaban mutane yakan sa ta ƙara janye jiki. Na fara ba ta batutuwan taro tun da wuri, abin ya ɗan yi sauƙi.

Yanzu ana so a ba ta jagorancin ma'aikatan da ke fita ƙauyuka, ni kuma ina tsoron kada muƙamin ya raba ta da abin da ta ƙware a kai. Don Allah, waɗanda suka taɓa jagorantar mai irin wannan hali, shin in goyi bayan ƙarin girman, ko in nema mata wata hanyar ci gaba?