Rangaji ko lilo? Neman sunan motsin bakunan Rana

'Yan uwa masu rubuta kimiyya da Hausa, ina neman shawararku kan abin da masana Rana ke kira "kink oscillation".

Ga yadda abin yake. A saman Rana akwai wani farin haske da ke kewaye da ita, mu kira shi kambin Rana. Waɗanda suka ga husufin 29 ga Maris 2006 a Gusau ko Katsina sun gan shi da idonsu. Zafinsa ya haura digiri miliyan 1, alhali fuskar Rana kanta ba ta wuce kusan 5,500 ba. A cikin kambin nan, ƙarfin maganaɗisu kan riƙe iska mai tsananin zafi, ya lanƙwasa ta kamar baka, ƙafafu biyu a kafe a jikin Rana. Bakan Rana ke nan, kuma ban ga mai musu a kan wannan suna ba.

Ran 14 ga Yuli 1998, kumbon TRACE na hukumar NASA ya ɗauki hoton irin waɗannan bakuna bayan wata fashewa ta auku kusa da su. Sai ga su suna kaɗawa hagu da dama, kowane zuwa da dawowa kusan minti 5, kafin su lafa. Ba abin mamaki ba ne, domin tun 1942 masanin fizis Hannes Alfvén na ƙasar Suwidin ya nuna cewa motsi na iya bin layin maganaɗisu ya yi tafiya.

To me za mu kira wannan kaɗawar? Wani ya kawo lilo. Ban gamsu ba, domin lilo a sama ake ɗaure shi, ƙasansa ke yawo. Nan kuwa ƙasan ne a kafe. Karkarwa ta yi sauri da yawa. Girgiza kuma ƙasa ta riga ta ɗauke ta.

Ni dai rangaji na zaɓa. Dubi dabino ranar iska: gindi bai gusa ba, kai na tafiya yana dawowa a hankali. Rangajin bakan Rana. Yaron sakandare zai ji ya hango abin kafin malami ya zana masa. Kuma sunan ya cancanci a tsaya a kansa, don da saurin wannan rangaji da tsawon bakan ake lissafa ƙarfin maganaɗisun kambin, abin da ke da wuyar aunawa kai tsaye.

Saura ɗan'uwansa, "sausage mode", inda bakan ba ya kaɗawa, sai dai ya kumbura ya motse. Na fi karkata ga numfashin bakan Rana. Malaman fizis, me kuka gani?