Musayar Waƙa: Da Wane Makami Za Mu Sallami Yaranmu?

Uwar Biyar: Salama gare ku, 'yan'uwa. Daren jiya autana ya farka da kuka, wai ya ga dodo a mafarki. Shi ya koma barci, ni barci ya ƙaurace mini, sai na rubuta wannan. Mai amsa ya amsa.

Auta ya farka tsakar dare a firgice,
Na ce da shi Yesu yana nan kusa.
Afisawa shida na buɗe na karanta,
Makamai shida duk na lissafa masa.
Ɗamarar gaskiya, sulke na adalci,
Kwalkwalin ceto na ɗora a kansa.
Garkuwar bangaskiya a hannun hagu,
Takobin Ruhu kuwa a damansa.

Ɗan Wusasa:
Mama, kin ce shida kin kawo biyar,
Lissafi ya tsaya kan yawan 'ya'yanki.
Ina takalman bisharar salama?
Ko ƙafa a ƙasa za ki tura ɗanki?

Uwar Biyar:
Ɗan Wusasa mai ƙirga takalman wasu,
Naka yaran yaushe ka duba ƙafarsu?
Waya a hannunka har zakara ya yi cara,
Zumuntar Mata ce ke riƙe da tarbiyyarsu.

Malamar Makarantar Lahadi: Mama, Allah ya ƙara basira! Gaskiya ce. Ko Timoti ai kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ne suka raine shi cikin bangaskiya. Maza sai su zo su karɓi yabo.

Mai Ganga: Malama, ban da son kai. Ɗan Wusasa gyara ya yi, kuma gyaran daidai ne. Ku duba Afisawa sura 6, aya ta 15.

Baba Dattijo:
Ku dakata 'ya'yana, ku ji ta tsoho,
Sulken Saul bai zauna wa Dawuda ba.
Ya sa, ya gwada tafiya, ya kasa,
Ya tuɓe don bai saba da shi ba.
Duwatsu biyar ya tsinta a rafi,
Majajjawar kiwo ce, ba ta fada ba.
Ayar da yaro ya haddace da kansa
Ita zai jefa ranar tsanani, ba wadda ka riƙe masa ba.

Malam Aruli: Baba, a gafarce ni. Ma'ana ta yi, amma ɗangon ƙarshe ya yi tsawo har kari ya karye. Kuma amsa-amo da "ba" ai kowa zai iya.

Mai Ganga: Kai dai kullum awo! Waƙoƙinmu na sujada da ganga da kacau-kacau ake auna su. Ka rera shi ka ji in bai hau ba.

Malam Aruli:
Ganga takan rufe aibin baiti,
Mai kiɗa ya ja, gurgu ya yi rawa.
In za mu koya wa yara tsari,
Mu fara da ɗangon da muke rerawa.

Mai Ganga: Naka ɗangon farko ma ɗingishi yake yi, Malam.

Malam Aruli: Ƙirga gaɓoɓin tukuna, sannan ka yi magana.

Goggo daga Borno: Na makara, kwana biyu ba sabis a wajenmu. Ku yi ta awon ɗango. Mu da aka kwashe 'yan matanmu a Chibok a 2014, muka kuma ji labarin Leah Sharibu da aka ɗauke a Dapchi a 2018 tana 'yar shekara 14, wannan magana ba ta wasa ba ce a gare mu.

Yarinya ba bindiga, ba wuƙa,
Sai abin da aka shuka mata a gida.
Aka ce ta bar Yesu a sake ta,
Ta ƙi, kalma guda ta zama shaida.

Ɗan Wusasa: Goggo, kin sa jikina ya yi sanyi. Allah ya dawo da ita da sauran. Ga abin da ya sa na nace kan takalma:

Mu nuna wa yara wane ne magabci,
Ba nama da jini ba ne, in ji Bulus.
Ba Malam maƙwabci ba ne mai mutunci,
Ba tsohuwar da ake jifa da maita ba.
Shaiɗan ne, uban ƙarya da zalunci.
In mun shayar da su ƙiyayya a nono,
Ya ci mu da yaƙi tun muna barci.

Malam Aruli: Ɗango bakwai ne, ɗaya ya rasa abokinsa. Amma yau na yi shiru.

Uwar Biyar: Ɗana, na karɓi gyara. Wayar dai ka rage ta.

Yau da safe na sa wa auta takalma,
Na aike shi gidan Hajiya da ƙosai.
Ya dawo da fura a kwano yana murna,
Da dare za mu koma kan ayar sosai.

Malamar Makarantar Lahadi: Mama, ki turo shi da wuri ran Lahadi, Daniyel a ramin zakuna za mu yi.