Kallon tsuntsaye a fadamar bakin teku lokacin hunturu: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinta daga shawarwarinku.

1. Kusan kowa ya ce a duba lokacin cikar teku, wato sa'ad da ruwan teku ke hauhawa zuwa gaɓa, kafin a fita. A isa awa 1 ko 2 kafin ruwa ya cika, domin yana tura tsuntsayen da ke kiwo a taɓo zuwa kusa da ɗakin leƙe, wato rumfar da ake ɓuya a ciki a kalli tsuntsaye. In ruwa ya janye, sai a hango tsuntsayen kamar ɗigo-ɗigo can nesa. Cikar ta fi ƙarfi kwanakin tsayuwar wata da cikarsa.

2. Kada a firgita tsuntsayen. Agwagi da dinya sun yi doguwar tafiya daga arewa, kowane firgici yana cinye kitsen da suke jure sanyi da shi. Kare ya zauna a igiya.

3. Tufafi masu kauri marasa ƙyalli, takalmin roba, abin sha mai zafi.

Inda aka rabu: wasu sun ce ƙaramin madubin hangen nesa na hannu, 8x42 (mai ƙara girman abu sau 8), ya wadatar, wasu suka dage sai babban mai ƙafa uku. Ni dai ina ganin sabon shiga ya fara da ƙaramin. Masu son asuba da masu jiran almuru don ganin mujiya ma ba su daidaita ba.