Otal-otal ɗin tsibirai masu cewa suna kare muhalli: ta yaya ake gane na gaskiya?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da maigidana muna shirin zuwa hutu Maldives, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, kuma ya bar mini zaɓen masauki. Duk otal ɗin da na buɗe shafinsa, magana ɗaya ce: sun daina amfani da tsinken roba na shan lemo, suna dasa murjani (halittar nan mai kama da dutse da ke girma a ƙarƙashin teku), suna taimakon al'umma. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma ba na so in miƙa shi ga masu ɓata tekun da suke tallar kyansa. Don Allah wanda ya san wuraren nan daga ciki, me ya kamata in duba?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi aiki a sashen ruwa da wuta na wani otal a can, bari in faɗa miki abin da ido ya gani.

Tun da aka buɗe otal na farko, Kurumba, a 1972, tsarin ƙasar shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Babu wutar gwamnati, babu famfon gwamnati, babu motar kwashe shara. Kowane otal da kansa yake samar da komai. A tsakiyar tsibirin, bayan bishiyoyi, inda ba a kai baƙi, akwai ɗakin janareta, injin tace ruwa, wurin tara shara da gidajen ma'aikata. A nan ake gane halin otal.

Ki fara da ruwa. Na wanka, na wanki, na wuraren ninƙaya, duk daga teku muke jawo shi, famfo ya matsa shi da ƙarfi ta cikin matata har gishirin ya rabu. Matsin nan wuta yake ci sosai, wutar kuma galibi ta dizal ce da jirgin ruwa ke kawowa. Ga na'urorin sanyaya ɗaki dare da rana. Ragowar ruwan, wanda gishirinsa ya fi na teku nesa ba kusa ba, bututu ne ke mayar da shi, kuma idan bututun gajere ne, kan murjanin gefen tsibirin yake sauka. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ɗaki mai wurin ninƙaya na kansa alhali ga teku a bakin ƙofa. Ki rubuta musu ki tambaya: kashi nawa na wutarku daga hasken rana yake? Ina ruwan ƙazantarku ke zuwa bayan an tace shi? Wanda ya yi aikin yana da adadi a hannu, ba zai yi miki kwana-kwana ba. Kuma abin yana yiwuwa: otal ɗin The Brando da ke tsibirin Tetiaroa a tekun Fasifik yana jawo ruwan sanyi daga can ƙarƙashin teku ya sanyaya ɗakunansa da shi.

Sai shara. Ba na manta safiyar lodi: buhunan gorunan roba jibge a bakin gada, ga durom-durom na ragowar abincin daren jiya, rana ta fara dukansu, ma'aikata 'yan Bangladesh suna ɗora su a jirgi. Inda ake kai yawancinta shi ne Thilafushi, kusa da babban birni Malé, wurin da aka fara cikewa da shara a 1992 har ya zama tsibiri, aka yi shekaru ana ƙona ta a fili. Akwai waɗanda suka rage tun daga tushe. Otal ɗin Soneva Fushi ya daina shigo da ruwan gora a 2008, yana tace nasa ya zuba a kwalaben gilashi da ake wankewa a sake cikawa, ragowar abinci kuma a mayar da shi takin lambu.

Batun dasa murjani, ba na kushe shi, don zafin teku ya kashe murjani mai yawa a 1998 da 2016. Amma ki tambaya ko tsibirin na asali ne ko cike shi aka yi da yashin da aka haƙo daga ƙarƙashin teku. Laka da ƙurar haƙon nan suna binne murjani fiye da abin da za a iya dasawa da hannu. Otal ɗin da ya yi haka sannan yake nuna miki 'yan rassan da ya dasa, kyan ɗan maciji ne.

Maman Khalil:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Ni ta ɓangaren mutane zan ƙara, don ƙanena yana aikin kicin a can. Doka ta ce a ɗora kashi 10 cikin 100 kan kuɗin baƙo a matsayin ladan hidima, a raba wa ma'aikata, kuma da yawa da shi suka dogara fiye da albashin kansa. Mafi ƙarancin albashin da aka fara aiki da shi a 2022 bai haɗa da ma'aikata 'yan ƙasashen waje ba, alhali su ne ke wanki da shara da gini. 'Yar uwa, ki tambaya 'yan ƙasar nawa ne a manyan muƙamai, kuma kifin da za a dafa muku daga masuntan tsibiran kusa yake ko daga waje. In kin isa, ki lura da yadda manaja ke yi wa mai gyara ɗaki magana.

In kuma kina so kuɗinki ya shiga hannun mutanen gari kai tsaye, tun 2009 aka ba da izinin buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi. Ƙasar Musulmi ce, ga masallaci kusa, ba a sayar da giya a cikin gari.

Baban Sadiq:
Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Maldives tsayinta daga saman teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba a matsakaici, har shugabanta na wancan lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi taron majalisar ministoci a ƙarƙashin ruwa a 2009 don duniya ta ji kukansu. Hayaƙin jirgin saman da zai kai mutum can yana cikin abin da ke ɗaga tekun. To me kwalbar gilashi za ta gyara?

Injiniyan Ruwa:
Malam, maganarka gaskiya ce, babu otal ɗin da zai goge hayaƙin jirgi. Sai dai 'yan ƙasar da na zauna da su ba cewa suke kada a zo ba, don yawon buɗe ido ne ƙashin bayan tattalin arzikinsu. Har harajin muhalli gwamnati ke karɓa daga kowane baƙo a kowane kwana: dala 6 a manyan otal-otal daga 2015, ya koma dala 12 a farkon 2025. Shawarata, in za a je a zauna a daɗe maimakon a riƙa zirga-zirga, kuma a zaɓi otal ɗin da kwalekwale mai inji ke kaiwa daga filin jirgi, ba sai an ƙara hawa ƙaramin jirgin da ke sauka kan ruwa ba.

Ummu Hanan:
Na gode muku ƙwarai. Na tura tambayoyin nan ga waɗanda na ware. Ɗaya ya turo adadin wutarsa da bayanin inda shararsa ke zuwa, sauran har yanzu shiru. Injiniya, mu kanmu akwai abin da za mu kiyaye a cikin ruwa?

Injiniyan Ruwa:
Akwai, Hajiya. Kada ku taka murjani ko ku taɓa shi, abu ne mai rai. Kada ku ba kifi abinci, ko da an ce ku ba su don hoto, kada kuma ku ɗauko kwanso ko yashi. Ki duba man kariya daga rana da za ku shafa, kada ya ƙunshi sinadarin oxybenzone ko octinoxate. Ƙasar Palau ta haramta irinsa tun 2020 saboda illarsa ga murjani. Batura da robobin da kuka zo da su, ku koma da su a jakarku.