Motata na ɗaukar zafi a cikin rairayi, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa direbobin Sahara. Muna shirin bin tsohuwar hanyar ayarin gishiri, daga Agadas zuwa Fachi har Bilma, da Land Cruiser mai dizal da babura biyu.

Mun gwada ta a rairayin arewacin Tanut. A kan kwalta lafiya lau take, amma da zarar na sa ƙaramar giya, na rage iskar tayu, sai allurar zafi ta haura ja, ruwa ya riƙa tafasa. Bakanike ya wanke lagireto, ya sauya bel ɗin fanka, duk a banza.

Fankar ce ta gaji, ko lodin jarkokin mai da ruwa ne ya yi yawa? Hamadar Tenere da za mu ratsa ba wurin gwaji ba ce, ga rayukan mutane a hannuna. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.