Gidan da muke son saya a Landan ya taɓa nutsewa, masu inshora na gudunmu: mu ci gaba ko mu haƙura?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu sayen gida a ƙasar nan. Shekararmu 9 muna haya a Enfield, sai bana Allah ya nufa muka samu gida mai ɗaki uku, ginin shekarun 1930. Mai gidan ya karɓi tayinmu, banki ma ya yi na'am. Jiya lauyarmu ta turo takardar TA6, wato fom ɗin bayanan gida da mai sayarwa ya cike. A wajen tambayar inshora ya rubuta cewa a 2018 gaban gidan ya ɗan nutse cikin ƙasa har bango ya tsage, kamfanin inshorarsa ya gyara a 2019. Ejan bai ce mana uffan ba, ni kuma da na je dubawa fenti kawai na gani, fes.

Da daddare na shiga shafukan kwatanta farashin inshora. Da na amsa "a'a" a tambayar nutsewar ƙasa don gwaji, kamfanoni suka cika shafi. Da na koma na amsa "eh", saura uku, ɗaya ma ya ce zai ɗauki nauyin komai ban da nutsewar. Mun riga mun kashe kuɗin lauya da na safiyo. Maigidana ya ce mu janye, ni kuma raina na kan gidan, ga makarantar yara kusa. Ya kuka gani?

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Ki bi maganar maigidanki. Yadda kika tsorata yau, haka wanda zai saya a hannunku zai tsorata nan da shekara 10, kuma shi zai ce a rage masa kuɗi. Gidaje ba su ƙare a Enfield ba.

Injiniya B.:
Abu Sadik, idan aka bi wannan ai an bar gidaje masu yawa a arewacin Landan babu mai saye. Maman Ilham, kafin maganar inshora ki fara sanin me ya kawo nutsewar, domin amsar kowane kamfani a kan wannan take.

Yawancin Landan a kan laka take zaune, irin wadda ke kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe. Wanda ya san yadda ƙasar fadama ke darewa da rani a gida, to abin nan ne, sai dai nan gini ne a samanta. Tsofaffin gidaje kuma fandishonsu ba zurfi, da yawa bai kai mita 1 ba. Shi ya sa duk shekarar da aka yi zafi da fari sai ƙorafi ya yi yawa: 1976, 2003, 2018, da 2022 da zafi ya haura digiri 40 karon farko a ƙasar. Naku ya faɗo daidai 2018, don haka ina zargin laka da bishiya, wadda jijiyarta ke zuƙe ruwan ƙarƙashin gini. Wani sanadin kuma da ake yawan gani shi ne bututun ruwan datti ya fashe a ƙasa, ya yi ta jiƙa wurin har ya yi laushi.

Idan bututu ne kuma an gyara, magana ta kusa ƙarewa. Idan bishiya ce, tambaya ita ce tana nan ko an cire, kuma ta waye? Ta maƙwabci ko ta kansul, wato ƙaramar hukuma, ba ta hannunku ba ce. Sannan sare babbar bishiya ma da nasa haɗarin, musamman wadda ta girmi gidan: lakar sai ta riƙa shan ruwa tana kumbura shekara da shekaru, ta ɗaga ginin sama.

Ki koma gidan da rana. Ki bar kallon fentin falo, ki tsaya a waje ki dubi bulo a gefen tagogi da ƙofa. Tsagar da ake tsoro a karkace take tafiya kamar matakala, ta fi faɗi ta sama, ana ganinta ciki da waje, faɗinta ya wuce milimita 3, wato kusan kaurin tsabar fam 1. Ki buɗe kowace ƙofa da taga ki ji ko tana cijewa. Amma idonki da nawa ba hujja ba ne. Ku ɗauki injiniyan gini naku na kanku, a kuma zura kyamara a bututun. Wanda banki ya turo ya ƙiyasta darajar gidan don banki yake aiki, ba don ku ba.

Hajiya Maman 'Yan Biyu:
'Yata, kwantar da hankalinki, irin wannan gidan nake ciki a Harrow shekara 11 ke nan. Ni ma sai da na kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ki rufe shafukan nan na kwatanta farashi, ba don irin gidajenmu aka yi su ba. Abin da ya fisshe mu shi ne lauyanmu ya tambayi wane kamfani ne ke riƙe da inshorar gidan a lokacin, muka kira su muka ce muna so mu ci gaba a inda mai gidan ya tsaya. Su suka yi gyaran, fayil na wajensu, ba su wahalar da mu ba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ABI tana ƙarfafa mambobinta su ci gaba da riƙe gidan da suka taɓa biya wa nutsewa, har ga sabon mai saye idan ba su ga matsala a tattare da shi ba. Shawara ce dai ba doka ba, suna iya ƙi. Idan sun ƙi, ki nemi dillalin inshora ta hannun BIBA, ƙungiyar dillalan inshora, akwai waɗanda aikinsu ke nan.

Abin da za ki buɗe ido a kai shi ne kuɗin da za ki fara biya daga aljihunki kafin su sa hannu idan abin ya dawo. A gidan da bai taɓa samun matsala ba yawanci fam 1,000 ne. Mu fam 2,500 aka yanka mana, kuma na san wadda aka ce wa 5,000. Illar kuma ita ce kin zama matar kamfani ɗaya. Duk shekara suka ƙara kuɗi sai dai in yi tsaki in biya.

Ɗan Zazzau:
Anti, ni ban ga abin wahala ba. An gyara ai tun 2019. Ki danna "a'a" kawai, wa zai tono?

Barista:
Ɗan Zazzau, a rufa wa baiwar Allah asiri. Su za su tono, kuma a ranar da ta fi bukatarsu. Dokar inshorar masu saye ta 2012 ta ɗora wa mutum ya kula kada ya ba da bayanin da ba daidai ba. Idan aka gano da gangan ne, kamfani na da ikon soke inshorar tun daga tushe, ya ƙi biya, ya kuma riƙe kuɗin da aka zuba, ko da gobara ce ta kawo ki ba nutsewa ba. Ga shi kuma a rubuce a TA6 cewa an sanar da ita. Abin da ya halatta shi ne a karanta tambayar da kyau: wasu kamfanonin cewa suke "ya taɓa", wasu kuma iyakar wasu shekaru suke tambaya. A amsa daidai abin da aka tambaya.

Maman Ilham, ki sa lauyarki ta karɓo takardar da ake kira Certificate of Structural Adequacy, da rahoton injiniyan da ya bi aikin, da sakamakon awon da aka yi wa tsagar na watanni. Idan an ƙara wa fandisho kankare ta ƙasa, sai an haɗa da takardar kammala aiki ta sashen kula da gine-gine. Waccan ta farkon ba garanti ba ce, shaida ce kawai ta abin da aka gano da abin da aka yi, amma ita masu inshora ke fara tambaya.

Babban abin shi ne lokaci. A Ingila, bisa sharuɗɗan da aka saba, daga ranar da aka yi musayar kwantiragi, wato ranar da ciniki ya ɗaure ku da mai sayarwa, haɗarin gidan ya dawo kanku, ba daga ranar karɓar makulli ba. A ranar kuma kuke ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100. Banki ba zai saki kuɗi ba sai da inshorar da ta haɗa da nutsewa, don haka wancan kamfanin da ya ce "ban da nutsewa" ki manta da shi. Wanda ya yi musaya sannan ya rasa inshora, kafin alƙalaminsa ne ke cikin haɗari. Kada ku sa hannu sai tayin inshora na hannunku a rubuce, kuma lauya ta sanar da bankin tarihin gidan.

Ummu Hanif:
Ni dai tambayata, ita inshorar ma ya matsayinta a addini? Mu ta bankin Musulunci muka saya.

Hajiya Maman 'Yan Biyu:
Ummu Hanif, ai ku ma ba a ba ku makulli ba sai da aka yi wa ginin inshora, duba takardunki. Hukuncin kuma a bar wa malamai, kowa ya tambayi nasa.

Abu Sadik:
To na ji, amma ko za ku saya, farashin da kuka taya na gidan da ba shi da tabo ne. A koma teburi.

Maman Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na gode ƙwarai. Yau da safe na koma da maigidana. Injiniya, gaskiyarka: a ƙasan tagar gaba akwai layin siminti sabo da ya bi bulo a karkace, launinsa ya fi sauran haske, sau biyu na wuce ta wurin a baya ban lura ba. Ba sabuwar tsaga dai, ƙofofi ma lafiya. Mai gidan ya ce ba a taɓa fandisho ba, bishiyar maƙwabci ce aka sare aka ɗinke bangon. Kututturen na nan ta bayan shinge, mun gani. Sai dai akwai wata a bakin titi, ta kansul, da na auna taku 8 ne daga ƙofar gidan.

Ya ba da sunan kamfanin inshorarsa, na kira, sun ce sai sun ga rahoton injiniyanmu kafin su ce komai. Takardar shaidar gyaran kuma wai tana cikin kwalaye a soron sama, zai nema. Lauya ta ce ba musaya sai ta gan ta. Injiniyan zai zo ranar Talata, maigidana ya ce idan rahoto ya yi kyau zai nemi ragi, idan mai sayarwa ya ƙi shi kam ya fita.

Injiniya B.:
Madalla. Ki ce masa ya rubuta irin bishiyar titin da tsayinta a cikin rahoton, za su tambaya.