Muhawara: Shin Mai Ƙaryata Shafi-Mulera Ya Kama Hanyar Mulhidanci?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Jiya bayan isha'i Likita ya rubuta cewa shafi-mulera, wato abin da ake cewa wani ya gaisa da mutum sai mazakutarsa ta ɓace, ba shi da tushe ko kaɗan, Malam kuma ya amsa masa da cewa irin wannan ƙaryatawa ita ce matakin farko na mulhidanci, wato musun samuwar Allah. Na buɗe fage domin kowa ya kawo hujjarsa, amma ban da zagi, ban da kafirta juna.

Malam (Rijiyar Ɗorowa): Wa alaikumus salam. Ban ce duk jita-jitar da ta tashi a tasha gaskiya ce ba. Abin da nake tsoro shi ne ma'aunin da Likita ya ɗauko, wato "ban yarda ba sai na gani, sai na auna." Siffa ta farko da Allah ya yabi masu taƙawa da ita a farkon Suratul Baƙara ita ce imani da gaibu, kuma a aya ta 102 ta wannan sura an ambaci sihirin da ake raba miji da mata da shi, sannan kullum muna neman tsari daga masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle. Yaron da aka koya wa yi wa sihiri dariya a yau, gobe aljanu zai yi wa, jibi mala'iku, domin su ma ba a taɓa ɗora su a kan na'ura ba. Duk mai bibiyar abin da samarinmu ke rubutawa a Facebook ya san ba tatsuniya nake yi ba.

Likita (Gawon Nama): Allah ya gafarta Malam, bayanka nake salla, kuma ban taɓa musun aya ba. Mazakuta dai ba gaibu ba ce, tsoka ce da ake gani ake taɓawa. Wata rana ina bakin aiki jama'a suka shigo da wani saurayi ya dafe gabansa da hannu biyu yana salati, a bayansa kuma ana jan wani baƙo mai tallan agogo, rigarsa ta yage, jini na zuba daga girarsa. Na shigar da saurayin ɗaki tare da yayansa, muka duba, komai yana nan. Sai magana ta sauya, ya ce ai an mayar masa ne a kan hanya, amma ba ya motsi. To, wane namiji ne gabansa zai motsa alhali zuciyarsa na dukan uku-uku, mutane cike da ƙofa suna jiran sakamako? Tsoro da sanyi suna sa wurin ya tsuke, wannan halitta ce. Baƙon kuwa sai da aka yi masa ɗinki.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan firgici koro. A 1967 ya barke a Singafo bayan an yaɗa cewa naman aladen da aka yi wa rigakafi ne ke jawo shi, ɗaruruwan maza suka cika asibitoci, da hukuma ta yi bayani sai abin ya lafa. Ya tashi a Legas a 1990, ya sake tashi a Abuja a 2023, har 'yan sanda suka gurfanar da wasu masu ihun a kotu saboda ƙarar ƙarya bayan an duba su an same su lafiya. Kowace ƙasa da abin da take ɗora wa laifin, amma ciwon ɗaya ne.

Alhaji (Tsohuwar Kasuwa): Likita, na ji wannan. To 'yan tauri fa? Da idona na ga an goga wa mutum wuƙa a ciki har ta lanƙwashe, ko ƙwarzane babu. Wannan ma firgici ne?

Ɗalibi (Runjin Sambo): Baba Alhaji, tambayar ita ce wa ya kawo wuƙar, kuma wa ya riƙe ta. A Amurka an yi wani mai wasan rufa-ido, James Randi, wanda ya ajiye kyautar da ta kai dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai nuna wani iko na ɓoye a ƙarƙashin sharuɗɗan da ɓangarorin biyu suka amince da su tun kafin gwaji, kuma har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci. Amma ina da tambayar da ta fi wannan nauyi, ina kuma roƙon kada a fassara ni. Idan muka yarda cewa mai da'awa shi ne zai kawo hujja, a ina wannan doka take tsayawa? Abokaina a jami'a suna yi mini wannan tambaya a ɓoye, ni kuwa ba ni da amsar da ke gamsar da su.

Malama (Mabera): Ɗana, tambayarka tana da amsa, amma bari in fara da Malam, domin a ganina ya haɗa abubuwa biyu da magabata suka raba. Akwai gaibun da wahayi ya ba da labarinsa, akwai kuma da'awar da wani mutum ya yi cewa wane ya yi mini kaza ranar kaza a bakin tasha. Na farko imani ake yi da shi, na biyu kuwa shaida ake nema a kansa, kuma Suratul Hujurat ce ta umurce mu da bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Yarda da cewa akwai sihiri ba ta wajabta mini yarda cewa mai tallan agogon nan matsafi ne, kamar yadda yarda da cewa akwai sata ba ta sa a yanke hannun duk wanda aka yi wa ihun ɓarawo.

Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, an yi husufin rana a Madina, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Wannan camfi ne da zai ƙara masa girma a idon jama'a, amma ya tashi ya rushe shi, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Mu kuwa a 2001 sai da aka yi ƙone-ƙone a Maiduguri saboda husufin wata, ana cewa zunuban wasu ne suka jawo shi, alhali husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya rufe rana gaba ɗaya a Gusau, masana taurari sun faɗi ranarsa da sa'arsa tun kafin ya zo. Aljanun da ake ba mu tsoro da su, aya ta 14 a Suratu Saba'i ta nuna suna ta wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa. Kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya je wa boka ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in.

A garin nan na Sakkwato ma bai kamata a ce sai an tuna mana ba. Shehu Usmanu ya yaƙi duba da camfi da yanka ga duwatsu da itatuwa, kuma shi ne ya yi ta raddi ga ɗaliban zamaninsa masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Nana Asma'u ta tura jajis, wato matan da ta horar su zama jagorori, ƙauyuka da malfa a ka suna karantar da mata, a lokacin da bori ne mafakar mace idan ciwo ko baƙin ciki ya same ta. Ni da nake karantar da matan aure na san wanda camfi ke ci: tsohuwar da ba ta da ɗa namiji ita ce mayya, yarinya mai farfaɗiya kuma a yi ta yi mata hayaƙi da bulala shekara da shekaru, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware nan kusa ba a kai ta ba. Amsarka kuwa, ɗana, ita ce dokar kawo hujja ba ta tsayawa ko'ina. Malaman tauhidi ba su ce a yi imani ido rufe ba, sun kafa hujjar samuwar Mahalicci da hankali, har suka yi saɓani a kan imanin mai taƙlidi, wato mai bi ba tare da sanin hujja ba. Je ka karanta hujjar, sannan ka auna ta.

Malam (Rijiyar Ɗorowa): Malama, Allah ya ƙara sani. Na karɓi rabewar da kika yi a kan hukunta mutum, domin ba malamin kirki da zai halatta dukan baƙo a kan zato. Inda ban sauka ba shi ne, ke kin ƙaryata camfi da aya da hadisi, Likita kuwa da Singafo ya ƙaryata shi, wannan yaro kuma da wani Ba'amurke. Sakamakon ɗaya ne a yau, amma tushen ya bambanta, kuma tushen ne ke nuna inda mutum zai ƙare. Na san Abubakar Jassas, babban malamin Hanafiyya, ya tafi a kan cewa galibin sihiri rufa-ido ne da yaudara, ba kuma wanda ya fitar da shi daga Musulunci, sai dai jumhur, wato mafi yawan malamai, sun tabbatar da cewa yana da tasiri da izinin Allah.

Lauya (Arkilla): Malam, tunda ka kawo Jassas da kanka, ka yarda ke nan cewa mutum zai iya kaiwa nesa a shakkar sihiri yana nan Musulminsa, kuma wannan shi ne abin da ake gardama a kai tun jiya. Abin da ya sa nake roƙon a yi hattara da kalmar mulhidi shi ne nauyinta a inda muke. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini, amma Mubarak Bala, wanda ya fito fili ya ce ya bar addini, an kama shi a Kaduna a 2020 saboda rubuce-rubucensa na Facebook, babbar kotun Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Shi ma dai ya ga alƙali. A nan Sakkwato an kashe ɗaliba a watan Mayun 2022, an kashe mahauci a watan Yunin 2023, duka bisa zargin ɓatanci, ba tare da wani alƙali ya saurare su ba. Saboda haka abokan wannan yaro suke tambaya a ɓoye. Idan aka ce wa mai tambaya ya kama hanyar mulhidanci, ba daina tambayar yake yi ba, malamai yake daina tambaya, ya koma intanet inda wasu ke jiransa da amsa.

Malam (Rijiyar Ɗorowa): Zaurena a buɗe yake bayan la'asar. Ya zo da abokan nasa, ba wanda zai ji sunansu daga bakina. Amma su zo da niyyar zama a yi karatu daga tushe, ba a jefo tambaya a tashi ba.

Alhaji (Tsohuwar Kasuwa): Ni dai har yanzu ba a amsa mini maganar 'yan tauri ba. Akwai wanda na sani, zan iya kawo shi, Likita ya zo da wuƙarsa.

Likita (Gawon Nama): Alhaji, ba zan sa wuƙa a cikin ɗan Adam don in ci gardama ba, domin na ɗinke waɗanda aka gwada wa maganin ƙarfe, kuma kusan kullum bayani ɗaya ake kawowa, wai ya karya sharaɗin maganin. Idan mutumin naka ya yarda, ya ba rago maganin ya sha, ya ɗaura masa layar, mu kira mahauci daga Kara da wuƙar da ya wasa da hannunsa. Kuɗin ragon a wuyana, idan wuƙar ta ƙi ci kuma rago ya zama nasa.